Ra'ayi riga ne, amma ƙarfin batir ba riga ba ne

Maganganu biyu ne suka fi kashe gardamar waya da kayan lantarki a majalisunmu, da shagunan caji, da zaurukan WhatsApp. Ta farko ita ce, "To ai wannan ra'ayinka ne." Ta biyu kuma, "Wallahi gaskiya ce, ni na gani." Mun saba ajiye kowacce a inda ba wurinta ba. Idan aka kawo mana abin da za a iya aunawa, sai mu ce ra'ayi ne, kowa ya riƙe nasa. Idan kuma aka zo kan abin da zuciya ce kawai take so, sai mu hau rantsuwa muna ɗaga murya.

Da a hira kaɗai abin ya tsaya, da babu damuwa. Amma kuɗi ne a ciki. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ko ɗan bijiminsa a kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, ya wuce rumfar masu waya ko masu kayan sola, da maganar mutane zai yi ciniki. Idan bai iya rarrabe wadda za a iya tabbatarwa da wadda son rai ce ba, gumin damina guda zai iya tafiya a kan lambar da aka buga a jikin kwali.

Abin da nake karewa a nan shi ne, kafin mutum ya ce ya yarda ko bai yarda da wata magana a kan na'ura ba, ya fara tambayar kansa wace iri ce. Ma'aunin ba shi da wahala. Ka ɗauki mutum biyu da ba sa ga maciji da juna, ka tura su su gwada abin, kowa shi kaɗai. Idan za su iya dawowa da amsa iri ɗaya, to maganar ko dai gaskiya ce ko ƙarya, kuma son ran kowa ba zai canza ta ba. Idan kuwa babu wani gwaji da zai raba gardamar, wannan shi ne ra'ayi, kuma a nan ne karin maganar nan ta ra'ayi riga take aiki.

Abin da 5G ta koya mana

Mutanen Ɗanbatta suna da dalilin tuna wannan labari fiye da kowa, domin ɗan garinsu ne, Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, yake shugabantar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, lokacin da abin ya faru. Ya riƙe hukumar daga 2015 zuwa 2023.

A watan Afrilun 2020 saƙonnin murya da bidiyo suka cika wayoyi, ana cewa fasahar 5G ce take haddasa cutar korona, wasu ma suka ce gwamnati ta sa an kulle mutane a gida ne don a samu damar kafa ƙarafan sabis ɗin a ɓoye. Ba a nan aka ƙirƙiro maganar ba. A Ingila har ƙarafan sabis aka cinna wa wuta a wannan watan saboda ita. Hukumar NCC da ma'aikatar sadarwa, wadda Isa Ali Pantami yake minista a lokacin, suka fito suka ce ba a ba kowa lasisin 5G a Najeriya ba, abin da aka yi shi ne gwajin wata uku da MTN ta fara a watan Nuwamban 2019, kuma an kammala shi.

Wanda bai yarda da hukuma ba, kalanda ta ishe shi. An tabbatar da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilun 2020. Ba a yi gwanjon lasisin 5G ba sai a watan Disamban 2021, inda MTN da Mafab suka yi nasara, kowanne a kan dala miliyan 273.6. MTN ta fara kunna sabis ɗin a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. Cutar ta riga fasahar shigowa da shekara biyu da wani abu, kuma da 5G ɗin ta iso, annobar ba ta dawo tare da ita ba. Dama can ƙwayar cuta ba ta hawa igiyar rediyo ta yi tafiya, kuma 5G igiyar rediyo ce, dangin wadda 2G da 3G da 4G suke aiki da ita tun da aka kawo wayar salula a 2001.

Duk da haka, a lokacin idan ka faɗa wa mutum wannan, amsar da za ka fi ji ita ce, "Kai ra'ayinka ke nan, ni kuma ga nawa." Alhali babu ra'ayi a cikin kwanan wata.

Akwai kuma wata tambaya a kan 5G wadda ita ce ta ra'ayi da gaske, ita ce kuma ba mu ba lokaci ba. Shin ya dace a zuba maƙudan kuɗi a sabis mai gudu a manyan birane, alhali akwai ƙauyukan da sai mutum ya fita bayan gari ko ya hau tudu kafin kira ya shiga? Wani zai ce a fara da birni don a can kasuwa take, wani ya ce a fara cike giɓin karkara. Duka biyun masu hankali ne, kuma babu na'urar da za ta yanke musu hukunci. Wannan ce gardamar da ta shafi mutumin karkara kai tsaye. Muka bar ta, muka kwana muna jayayya a kan abin da kalanda ta riga ta warware.

Lambar jikin kwali da'awa ce

Wasu suna zaton duk maganar da take ɗauke da lamba gaskiya ce. Lamba tana nuna cewa za a iya auna maganar, amma ba ta nuna cewa an auna ba. Kafin a gwada, da'awar mai kaya ce.

Ɗauki fawa banki. Za ka ga ɗan ƙarami mai shiga aljihun riga an rubuta masa 50,000mAh. Ba sai ka buɗe cikinsa ba. Batirin litiyam yana da nauyi gwargwadon wutar da yake ɗauka. Fawa banki na gaske mai 10,000mAh nauyinsa ya kusa na wayar hannu ɗaya, wato wajen giram 200. Mai 50,000mAh ninkin wannan ne sau biyar, don haka zai doshi kilo ɗaya. Idan ka ɗaga ka ji shi kamar akwatin ashana, an yi maka ƙarya, ko da mai shagon ya rantse. Nauyi kaɗai ba hujjar inganci ba ne, tunda ana iya cusa wani abu a ciki don ya yi nauyi, amma rashin nauyi hujja ce ta ƙarya.

Ko na gasken ma akwai abin da ya kamata a sani. Batirin da yake ciki yana aiki a kan bolt 3.7, amma wutar da take fita ta bakin USB a kan bolt 5 take, kuma wani kaso yana zama zafi a wajen juyawar. Shi ya sa mai 10,000mAh yake cika wayar da batirinta 5,000mAh ne sau ɗaya da wani abu, da wuya ya kai sau biyu. Wanda ya ga haka ya ce an cuce shi, shi ma ya yi kuskure. Lissafin wutar ne haka.

Misalin da ya fi wannan tsada shi ne farantin sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, masu noman rani da dama, har da na kewayen dam ɗin Thomas, suka fara duba injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. A nan kuskuren awo ba ƙaramar asara ba ce, domin idan injin bai ja ruwa yadda ya kamata ba, shuka ce take ƙonewa.

Wat ɗin da ake rubutawa a bayan faranti ana auna shi ne a ɗakin gwaji, da hasken da ya kai wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana kan zafin digiri 25. Farantan da suke kasuwa yanzu suna mayar da kusan kashi 20 zuwa 23 cikin 100 na wannan hasken zuwa wuta. Ma'ana, murabba'in mita ɗaya ba zai ba ka fiye da wat 200 zuwa 230 ba. Saboda haka tef ɗin tela ya isa ya kama maƙaryaci. Ka auna tsawo, ka auna faɗi, ka ninka su, ka sake ninkawa da 220. Farantin da tsawonsa mita 1.2 ne, faɗinsa kuma bai fi rabin mita da kaɗan ba, bai wuce wat 150 ba, ko an manna masa takardar da ta ce 300. Farantin wat 550 na gaske ya haura mita biyu a tsawo, ya haura mita ɗaya a faɗi.

Sannan a gona ba za ka samu abin da aka samu a ɗakin gwaji ba. Zafi yana rage ƙarfin faranti, kuma a watan Afrilu, lokacin da gilashin yake ƙona hannu, ana iya rasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ƙurar hunturu ma tana cin nata. Duk waɗannan abubuwa ne da mita mai auna wuta take nunawa, kuma duk mai haɗa sola na kirki yana da ita a jakarsa. Ka ce ya auna a gabanka da tsakar rana kafin ka biya. Idan ya ƙi, ya ba ka amsa.

Lamba ta gaskiya, fassara ta ƙarya

Wani tarkon ya fi wannan wuyar gani, domin babu wanda ya yi ƙarya a cikinsa. An ce kyamarar wayar nan megafiksel 108 ce, ta waccan kuma 12. Duka gaskiya ne. Amma "don haka wannan ta fi waccan ɗaukar hoto" ƙari ne da mai saye ya yi da kansa. Kamfanin Apple ya tsaya a kan megafiksel 12 tun daga iPhone 6s ta 2015 har zuwa iPhone 13 ta 2021, kuma a tsawon lokacin babu wanda ya ce hotonta ya koma baya. Girman idon kyamarar da yake karɓar haske, da ingancin gilashin, da manhajar da take gyara hoton, su ma suna da nasu aikin. Wayoyi da yawa masu megafiksel 50 ma suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, su ba ka hoto mai kusan megafiksel 12, sai dai idan ka shiga ka canza da kanka.

Daga nan kuma sai a shiga gonar ra'ayi. Wani yana son hoton da zai fito da shi fes, fata ta yi sumul. Wani yana son ya ga fuskarsa yadda Allah ya yi ta. Babu ma'aunin da zai ce wannan ya fi wancan, kuma bai kamata a nema ba.

Haka tsohuwar gardamar Tecno da Infinix. Za ka ji mutum ya ce shi har abada ba zai riƙe ɗaya ba, ɗayar ce waya. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne, Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da yake birnin Shenzhen na ƙasar Sin, haka ma kayan Oraimo da wuraren gyara na Carlcare. Wayoyinsu da dama masu kusan farashi ɗaya ƙwaƙwalwa iri ɗaya suke ɗauke da ita, ta kamfanin MediaTek. Wannan bai hana mutum ya fi son tsarin ɗaya ko kamanninta ba, haƙƙinsa ne. Amma idan za a kwatanta inganci, sai a ajiye sunan kamfani a ɗauki samfuri da samfuri: wace ƙwaƙwalwa, RAM nawa, batir nawa, wane irin gilashi.

Gaskiyar da take da unguwa

"MTN ta fi Airtel sabis." "A'a, Airtel ta fi." Sau da yawa duka biyun gaskiya suke faɗa, kowa a kan inda yake kwana. Ƙarfin sabis abu ne da ake aunawa, amma ya danganta da nisanka da ƙarfe, da irin ginin da kake ciki, da yawan mutanen da suka hau ƙarfen a lokacin. Abin da aka samu a bakin titin Kano zuwa Daura ba lallai ne a same shi a ƙauyen da yake kilomita goma daga titin ba. Maganar tana zama ƙarya ne idan aka cire mata wuri da lokaci aka shimfiɗa ta a kan ƙasa baki ɗaya. Mai son sani ya sa layukan biyu a waya ɗaya, ya gwada gudunsu da manhaja irin Speedtest, a ɗakinsa, da safe da kuma dare, kwana uku a jere.

"Ni na gani" ma a nan take. Wanda wayarsa ta lalace a wata na biyu bai yi ƙarya ba, amma waya ɗaya ya gani cikin dubbai. Mai gyaran waya a Farm Centre a Kano, wanda iri ɗaya take zuwa teburinsa kullum da matsala iri ɗaya, maganarsa ta fi nauyi. Shi ma sai a tuna cewa wayar da aka fi saye ita za a fi kawowa gyara.

Haka ƙorafin cewa data tana ƙarewa da wuri. Kafin a ce sata ake yi, kowace waya tana da wurin da take nuna abin da kowace manhaja ta ci. A duba shi a kwatanta da abin da aka saya. Sau da yawa bidiyon da yake kunna kansa ne, ko manhajoji masu sabunta kansu da dare. Idan kuma lissafin bai daidaita ba, to yanzu mutum yana da hujja a hannu, zai iya kai wa kamfanin, in ba a saurare shi ba ya kira 622, layin ƙorafi na NCC. Ƙorafi mai lamba ya fi ƙorafi mai rantsuwa tasiri.

To wa ya auna masu awon?

Za a ce, duk wannan ya dogara ne da yarda da hukuma da kamfanoni da masana, su kuma ba mala'iku ba ne. Wannan magana ce mai tushe, musamman a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, wasu suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda ya san wannan tarihin ba za a ce masa ya yarda da duk abin da aka faɗa daga sama ba.

Amma a duba abin da ya biyo baya. Wannan zargin yana cikin abin da ya ƙarfafa dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe, yara suka shanye. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Zargi dalili ne na a tsaya a bincika. Idan aka mayar da shi sakamakon binciken, waɗanda ba su ji ba su gani ba ne suke biya.

Kuma yawancin gwaje-gwajen da na lissafa ba sa buƙatar a yarda da kowa. Kalanda, da tef, da sikeli, da mitar wuta, duk suna hannun talaka. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai sayen hatsi ba ya karɓar "ai buhun ya cika", sai an auna da kwano a gabansa. Malaman hadisi sun gina fanni guda a kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shi amintacce ne. Mutanen da suka gaji wannan bai kamata saƙon murya marar suna, wanda aka tura sau ɗari, ya wuce su ba tare da tambaya ba.

Ra'ayi ma yana da mutuncinsa

Kada a fahimci cewa ra'ayi abin banza ne. Manyan shawarwarin rayuwa a kansa suke tsayawa. A watan Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Wannan ya faru, babu gardama. Ko ƙarin adalci ne, wannan kuma sai an auna tsadar dizal da faɗuwar naira a gefen kamfanoni, da aljihun mai saye a ɗaya gefen, kuma mutane za su bambanta a kan wanne ya fi nauyi. Haka tambayar shekara nawa ya dace yaro ya kai kafin a ba shi waya mai intanet, ko a sayi sabuwa mai araha ko tsohuwa mai suna.

Sai dai ra'ayi ma yana da mai kyau da marar kyau. Mai kyau shi ne wanda aka gina a kan abin da ya tabbata, mai shi kuma ya yarda ya sake dubawa idan aka nuna masa tubalin da ya ɗora a kai ba shi da ƙwari. Wanda ya ce ba ya son sola don injin fetur ya fi masa sauƙin gyara a ƙauye, ra'ayi ne mai dalili. Wanda ya ce ba ya so don farantin yana janye ruwan sama daga gona, ya shigo da maganar da za a iya gwadawa, kuma ba za ta tsaya ba.

Nauyi mafi girma yana kan masu rubutu a shafuka irin wannan, da masu bitar waya a YouTube da TikTok da Hausa. Mutane da dama ba sa karanta Turancin jikin kwali, da bakin mai bita suke saye. Wajibi ne ya raba maganarsa gida uku a fili: ga abin da kamfani ya ce, ga abin da na gwada da yadda na gwada, ga kuma abin da ni nake so. "Batirinta yana da kyau" ba bayani ba ne. "Na cika ta ƙarfe bakwai na safe, na yi kallo awa huɗu da data a kunne, da magariba saura kashi 30" shi ne bayani, domin wani zai iya maimaitawa ya kama shi idan ya yi ƙari. Idan kuma kamfani ne ya ba shi wayar kyauta ko ya biya shi, ya faɗa tun a farko.

Mai saye kuma, kafin ya zaro kuɗi, ya yi wa duk maganar da aka faɗa masa tambaya ɗaya: da me za a gwada wannan? Idan akwai abin gwadawa, a gwada a wurin, gani ya kori ji. Idan babu, ya sani cewa zaɓi ne, ya ɗauki wadda ransa ya kwanta da ita, ya bar ɗan'uwansa ya ɗauki tasa.